Pierre Curie: Malamin da ya auna zafin da ke kashe maganaɗisu

A jihar Agadas, da an ambaci sunan Curie, hankali yakan tafi Arlit da ƙarfen uraniyom, a kuma tuna da Marie Curie, matar da ta karɓi kyautar Nobel har sau biyu. Mijinta Pierre galibi a bayanta ake ambatonsa. Amma ɗalibin da ke karatun lantarki a makarantar ma'adinai ta EMAIR, ko a wata cibiyar koyon sana'a, yakan gamu da sunan mutumin a wani darasi dabam: darasin da ke bayyana abin da ya sa maganaɗisu ke kama ƙusa ya ƙyale azurfa, da abin da ya sa zafi ke raunana shi har ya kashe shi. Pierre Curie ya kammala wannan aiki a 1895, tun duniya ba ta san da radiyom ba, kuma har yau da shi ake amfani wajen zaɓen ƙarfen da za a sa a janareta da taransifoma da famfon ruwa.

Yaron da aka karantar a gida

An haifi Pierre Curie a birnin Paris ranar 15 ga watan Mayun 1859. Mahaifinsa, Eugène Curie, likita ne. Ya lura cewa ɗansa yaro ne mai zurfin tunani, wanda in ya kama abu guda ba ya son a janye shi zuwa wani, don haka bai sa shi makarantar firamare ba. A gida iyayensa da wansa Jacques suka karantar da shi, sai da ya kai shekara 14 aka ɗauko masa malamin lissafi. Ya ci jarrabawar BAC yana da shekara 16, ya samu lisans a kimiyyar fiziks yana da 18. Rashin kuɗi ya hana shi wucewa kai tsaye zuwa digirin dokta, sai ya kama aikin mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar Sorbonne a 1878.

A 1880 shi da Jacques suka gano cewa in aka matse wasu duwatsu masu ƙyalli, irin su kwarz, sukan fitar da ɗan ƙarfin lantarki. Shekara guda bayan haka suka tabbatar da akasinsa: in aka sa wa dutsen lantarki yakan ɗan motsa. Da wannan ilimi agogon hannu mai batir yake ƙirga lokaci, da shi kuma na'urar da ake duba cikin mai juna biyu a asibiti take aiki. ƳAn uwan biyu sun ƙera ma'aunin da ke iya gane lantarki komai ƙanƙantarsa, kuma wannan ma'auni zai yi babban amfani nan gaba.

Daga nan Pierre ya koma sabuwar makarantar fiziks da kimiyyar haɗa sinadarai ta masana'antu, wadda hukumar birnin Paris ta buɗe a 1882. Makarantar koyon aiki ce, ba ta da martabar Sorbonne. Ya yi shekara 22 a cikinta, da farko a matsayin mai kula da ɗalibai a ɗakin gwaji, a kan albashin faran 300 a wata, kusan abin da ƙwararren ma'aikacin masana'anta ke samu a lokacin. Ba shi da ɗakin bincike na kansa. Aikinsa na maganaɗisu, a wani lungu tsakanin matakalar bene da ɗakin ɗalibai ya yi shi.

Abin da aka sani kafin shi

Tun zamanin da mutane suka san wani baƙin dutse mai jan ƙarfe, wanda masana ke kira manyetit. Ƴan Sin sun yi amfani da shi wajen gane alƙiblar tafiya. A 1600 likitan Ingila William Gilbert ya nuna cewa ita kanta ƙasa babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke fuskantar arewa. Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, na arewa da na kudu. Kawuna iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. In aka karya maganaɗisu biyu, kowane ɓangare zai sake zama mai kai biyu. Wurin da ƙarfinsa ke kaiwa a kewayensa shi ake kira filin maganaɗisu, ana kuma auna shi da tesla.

A 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmark ya ga allurar kamfas ta karkata da aka bi da lantarki ta wayar da ke kusa da ita. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano ɗaya gefen: in maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, lantarki yana tasowa a cikin wayar. A kan waɗannan abubuwa biyu dukan sana'ar lantarki ta tsaya. A tashar SONICHAR ta Anou Araren kusa da Tchirozerine, wadda ta soma aiki a 1981, mai injina biyu masu megawat 18.8 kowane, ana ƙona kwal a tafasa ruwa, tururi ya juya injin, injin ya juya babban maganaɗisun lantarki a tsakiyar naɗin wayoyi. Wutar da ke zuwa Arlit da Tchirozerine da birnin Agadas daga wannan tasha ta haka take samuwa.

Naɗin waya shi kaɗai ƙarfinsa kaɗan ne. In aka cusa masa baƙin ƙarfe a tsakiya, ƙarfin yakan ninka sau ɗaruruwa ko dubbai. In aka sa jan ƙarfe ko itace, babu abin da zai ƙaru. Faraday ya riga ya nuna a 1845 cewa kowane abu yana amsa kiran maganaɗisu, wani da ƙarfi, wani a raunane, wani ma gudu yake. Gilbert kuma ya lura cewa ƙarfen da ya yi ja a wuta ba ya kamuwa. Tambayar da Pierre Curie ya sa a gaba ita ce: shin waɗannan halaye abu guda ne da ya bambanta a ƙarfi, ko kuwa kowane asalinsa dabam? Ya yanke shawarar ya tambayi zafi.

Shekara huɗu a lungun bene

Daga 1891 zuwa 1895 ya yi ta awo. Yakan zuba ɗan abin da zai gwada a cikin ƙaramar kwalba, ya rataye ta a hannun wani sikeli da ke lilo a jikin siririyar waya, tsakanin kawunan babban maganaɗisun lantarki. Kwalbar tana cikin ɗan murhun lantarki da ya haɗa da hannunsa. Yadda wayar ta murɗe shi ke nuna ƙarfin jan ko turin. Aikin na bukatar haƙuri, domin ƙarfin da ake nema wani lokaci bai kai nauyin ƙwayar yashi ba, kuma iskar da zafin murhu ke tayarwa tana iya ɓata awon. Ya gwada abubuwa kusan 20, daga zafin ɗaki har sama da digiri 1,300 a ma'aunin Selsiyos. A watan Maris na 1895 ya gabatar da sakamakon a Sorbonne, ya samu digirin dokta yana da shekara 35.

Abin da ya samu ya raba abubuwa gida uku, kuma haka ake koyar da su har yanzu.

Gida na farko su ne diyamanyetik, waɗanda maganaɗisu ke turewa kaɗan, turin da hannu ba ya ji. Ruwa da gishiri da farar wuta suna ciki, haka ma jan ƙarfe da azurfa da zinariya. Curie ya ga cewa a mafi yawansu zafi ba ya canja wannan hali.

Gida na biyu su ne paramanyetik, waɗanda maganaɗisu ke ja amma a raunane ƙwarai, kamar iskar oksijin da alminiyom. A cikin irin su oksijin ya samu ƙa'ida mai sauƙi: gwargwadon ƙaruwar zafi, gwargwadon raguwar jan. Sai dai da ma'aunin Kelvin ake lissafin, wato a ƙara 273 a kan digirin Selsiyos. Oksijin da ke digiri 27 yana kelvin 300. In aka kai shi digiri 327, wato kelvin 600, zafi ya ninka biyu, jan da ake yi wa kowane giram nasa ya ragu zuwa rabi. Wannan ita ce dokar Curie.

Gida na uku su ne feromanyetik, masu kamuwa da ƙarfi: baƙin ƙarfe, nikel, kobalt da dutsen manyetit. Su ne kayan aikin mai lantarki. Curie ya bi su mataki-mataki ya ga ƙarfinsu yana raguwa a hankali, sa'an nan ya faɗi da sauri a wani zafi na musamman, daga nan su koma raunana kamar ƴan gida na biyu. Masanan da suka biyo baya suka sa wa wannan iyaka sunansa. A aji ana ce mata point de Curie, wato zafin Curie. Na baƙin ƙarfe digiri 770 ne, na nikel kusan 358, na manyetit kusan 580, na kobalt ya haura 1,100. Ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538, ke nan yana rasa ƙarfin maganaɗisu tun yana da taurinsa. Da ya huce kuma sai ya koma kamuwa.

Dalilin haka ɗalibinsa Paul Langevin ya soma bayyana shi a 1905, Pierre Weiss ya ƙarasa a 1907. Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. A cikin baƙin ƙarfe maƙwabta suna haɗa kai su fuskanci gefe guda, rukuni-rukuni. A ƙusar da ba a taɓa ba, rukunonin kamar raƙuma ne a makiyaya, kowane garke da inda ya dosa, don haka ƙarfinsu yana kashe juna. Filin maganaɗisu shi ne madugun da ke jera su ayari guda. Zafi kuwa girgiza ƙwayoyin yake yi, in ya kai zafin Curie sai haɗin kan ya watse gaba ɗaya.

Amfaninsa a wurin aiki

Daga nan aka fahimci abin da ya sa ba kowane ƙarfe ya dace da kowane aiki ba. Akwai ƙarfe mai laushin hali, wanda ke karɓar maganaɗisu da sauri ya kuma sake shi da zarar an yanke wuta. Shi ake sa wa a cikin taransifoma da injinan lantarki, inda wuta ke kai da komowa zagaye 50 a daƙiƙa guda, kamar yadda take a layukan NIGELEC. Yawanci ana gauraya shi da ɗan silikon, a kuma yanka shi falle-falle a shafe kowane falle da abin da ke hana wuta wucewa, don kada lantarki ya riƙa kewayawa a cikin ƙarfen yana zama zafi. Akwai kuma mai taurin hali, wanda in ya karɓa ba ya saki. Da shi ake yin maganaɗisu na dindindin, irin baƙin zoben ferit da ke bayan lasifika, da na neyodim mai ƙyalli da ke cikin yawancin famfunan da ke aiki da hasken rana.

A ƙasar da zafin inuwa ke wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, wannan lissafi ba na takarda ba ne kawai. Zafin Curie na maganaɗisun neyodim ya ɗan haura digiri 300, amma nau'insa na yau da kullum yakan soma rasa ƙarfi, rashin da ba ya dawowa, tun daga wajen digiri 80. Famfon garka da aka bari yana juyawa babu ruwan da zai sanyaya shi yana iya kaiwa can, daga baya a ga ba ya tura ruwa kamar da, alhali wayoyinsa lafiya lau. Taransifoma kuwa ba ta kusantar digiri 770. In ta ƙone, rufin wayoyinta ne ya gaza tun kafin ƙarfen ya ji komai. Mai gyara da ya san wannan bambanci ya san inda zai soma dubawa.

Ko a kasuwar maƙeran azurfa darasin yana da amfani. In maganaɗisu ya kama abin wuyan da aka ce na azurfa ne, akwai baƙin ƙarfe ko nikel a ciki. In bai kama ba, wannan bai isa shaida ba, domin jan ƙarfe da farin ƙarfen alminiyom su ma ba sa kamuwa.

Maganaɗisu ne ya haɗa su

A farkon 1894 wata ɗaliba ƴar ƙasar Poland, Marie Sklodowska, ta samu aikin binciken irin ƙarfen da ya fi riƙe maganaɗisu, daga wata ƙungiyar bunƙasa masana'antun Faransa. Tana neman wurin da za ta ajiye kayan awonta, sai wani malami ɗan ƙasarsu ya haɗa ta da Pierre, wanda ya fi kowa sanin fannin a Paris. An ɗaura musu aure a garin Sceaux ranar 26 ga Yulin 1895, da kuɗin gudummawar biki suka sayi kekuna biyu. Ita ce ma ta matsa masa ya rubuta binciken nasa ya karɓi digirin da ya daɗe yana jinkirtawa. Sun haifi ƴaƴa mata biyu, Irène a 1897 da Ève a 1904.

A 1896 Henri Becquerel ya gano cewa uraniyom yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Marie ta ɗauki batun, ta auna shi da ma'aunin nan da Pierre da Jacques suka ƙera. Ta ga cewa ɗanyen dutsen da ake ciro uraniyom daga cikinsa ya fi shi kansa uraniyom ƙarfi, alamar akwai wani abu a ɓoye. Pierre ya ajiye nasa binciken ya kama mata. A watan Yulin 1898 suka sanar da gano poloniyom, a Disamba kuma radiyom. Sun shafe shekara huɗu a wata tsohuwar rumfa mai yoyo a harabar makarantar, suna tace tan-tan na dusar ma'adinai da aka kawo daga Bohemiya, kafin su samu kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom a 1902. Ko a nan Pierre bai rabu da maganaɗisu ba: da shi ya nuna a 1900 cewa hasken radiyom ba iri ɗaya ba ne, wani yana karkata a filin maganaɗisu, wani ba ya karkata. A 1901 ya ɗaura radiyom a hannunsa da gangan don ya ga abin da zai yi wa fata, ƙunar ta yi watanni kafin ta warke, daga nan likitoci suka soma gwada shi a kan ciwon daji.

A 1903 aka ba su kyautar Nobel tare da Becquerel. Da farko sunan Marie ba ya cikin waɗanda aka gabatar. Da labari ya iske Pierre, ya rubuta wa masu shirin cewa aikin na su biyu ne, aka kuwa sa sunanta. Ma'auratan sun ƙi yi wa hanyar tace radiyom rajistar mallaka, duk da dukiyar da za ta kawo musu. Pierre ya kuma ƙi karɓar lambar girma ta Légion d'honneur, ya nuna cewa ɗakin bincike yake bukata. Sai a 1904 ya samu kujerar farfesa a Sorbonne, a 1905 ya shiga majalisar masana kimiyya ta Faransa, wadda ta ƙi zaɓensa a 1902. A jawabinsa na Nobel a birnin Stockholm a watan Yunin 1905, ya yi gargaɗin cewa radiyom na iya zama masifa in ya faɗa hannun miyagu, ko da yake ya ce yana cikin masu ganin alherin sabon ilimi zai rinjayi sharrinsa.

A lokacin jikinsa ya riga ya soma gazawa, yana fama da ciwon ƙafafu da baya, yatsunsa duk ƙuna. Ranar 19 ga Afrilun 1906, ana ruwan sama, ya zo tsallaka titin Dauphine a tsakiyar Paris, ya zame ya faɗi a ƙarƙashin wani babban amalanken dawaki mai ɗauke da kaya, ƙafar baya ta taka kansa. Nan take ya rasu, yana da shekara 46. Aka ba Marie kujerarsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a Sorbonne. A 1995 aka mayar da ƙasusuwansu su biyu zuwa Panthéon, maƙabartar manyan mutanen Faransa.

Daga titin Lhomond zuwa Aïr

Zaren da ya taso daga rumfar nan ta titin Lhomond ya iso jihar Agadas. Surukinsa Frédéric Joliot-Curie, mijin Irène, shi ne babban kwamishina na farko na hukumar makamashin nukiliya ta Faransa da aka kafa a 1945. An soma ganin uraniyom a Azelik a 1957, masu binciken wannan hukuma kuma suka gano na yankin Arlit. Kamfanin SOMAIR ya soma haƙa a 1971, COMINAK ta bi baya a 1978 har zuwa rufe ta a watan Maris na 2021. Don a ba waɗannan ma'adinai wuta aka gina tashar SONICHAR. Ƙungiyoyin farar hula na Arlit sun daɗe suna kokawa kan ƙura da tarin dusar da haƙar ta bari, batun da ya taɓo gargaɗin da Pierre ya yi tun 1905.

Ɗaya gadon nasa kuwa, na maganaɗisu, ba ya bukatar rami ko kamfani. Ɗalibin da ke son ganinsa da idonsa yana iya zuwa maƙera da ƙusa da zoben tsohuwar lasifika. Ya roƙi maƙeri ya riƙe ƙusar da awartaki a cikin garwashi, a yi ta zuga har ta yi ja sosai, sa'an nan a kusanto da ita ga maganaɗisun ba tare da ta taɓa shi ba. Ba zai ja ta ba. In aka dakata kaɗan jan ya soma dushewa, za a ji awartakin ya fizga. A daidai wannan lokaci ƙusar ta sauko ƙasa da digiri 770.